Jikan Barbushe Ya Kwana A Yankari

Zuwa ga bawana kuma abin ƙaunata, Alhaji Ɗan Gurasa, Sarkin Ragin Kantin Kwari, mai ƙirga canji kafin ya amsa sallama. Gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ina fata kumburin wuya ya saɓe, muryar da ta dushe saboda ihu kuma ta dawo.

Labari ya iso mini har Zariya cewa ka kafa majalisa a bakin shago, kana ba yaranka da 'yan dako labarin yadda ka yi ido huɗu da zaki a Yankari, ka daka masa tsawa ya sunkuyar da kai ya ba ka hanya. An ce ranar da ka fara ba da labarin zaki ɗaya ne, kafin Juma'a ta zagayo sun zama uku. Ban yi mamaki ba. Bakano ko labari ya saro sai ya ɗora riba. Amma tunda tabarmata tana gefen taka a wannan dare, dole in tsamo ka kafin zakunan su kai goma, gwamnatin Bauchi ta aiko a tambaye ka inda ka ɓoye su. Ka sani, Alhaji, a duk faɗin Najeriya wuri biyu kaɗai ake sa ran zaki ya rage a daji, Yankari da Kainji, can ma 'yan ƙalilan ne. Jami'an gandun da ke kwana suna sintiri a ciki sukan daɗe ba su ga komai ba sai sawu a kan yashi. Kai kuwa daga zuwa, da silifas, har ka samu uku. Allah ya ƙara kasuwa.

Bari mu faro daga tushe, wato rowa. A sansanin Wikki akwai ɗakunan baƙi sun fi 100, da ƙofa da sakata da gado. Da aka faɗa maka kuɗin kwana ɗaya, sai ka zaro kalkuleta, ka danna, ka ja tsaki, ka ce da wannan kuɗin gara ka ƙaro bandir ɗin atamfa. Nan ka buɗe but ka fito da wani tanti da ka tsinto a gwanjon Ƙofar Wambai, ka yi mana huɗuba cewa kwanan waje gadonka ne, kakanninka fatake ne da ke taka sayyada har Gwanja sarin goro, su kwana a zango cikin dokar daji. Wannan gaskiya ne, ban musa ba, Allah ya jiƙan maza. Sai dai su da madugu suke tafiya, da jakuna, da kwari da baka, da zuciya. Kai kuwa guzurinka gurasa ce da ƙuli, da man zafi, da cajar waya guda biyu.

Tun a hanya ka fara nuna hali. Mun bar Bauchi mun ɗauki titin Gombe, muka karya a Dindima, muka isa ƙofar gandun a Mainamaji. Jami'in ƙofa ya faɗi kuɗin shiga, kai kuma ka leƙo ta taga ka ce, "Nawa ne na gaskiya?" Bawan Allah ya maimaita. Ka ce to idan ba a ga giwa ba ana mayar da rabi? Wallahi mutumin ya yi haƙuri da kai, dariya kawai ya yi ya miƙo rasit. Daga ƙofar zuwa sansani tafiyar kilomita 40 da ɗoriya ce, daji hagu da dama, marke da kawo da kuka da gamba iya ganinka. Da na ce maka faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244, sai na ga leɓenka yana motsi. Na ɗauka tasbihi kake, ashe fuloti kake yankawa. Awon igiya, Alhaji, a gidan giwa! Har ka ware inda za a sa gidan mai da inda za a yi filaza. To ka ji: tun 1956 aka killace dajin nan, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Duk wannan kai-kawo, manufar ɗaya ce, a tsare shi daga mutane masu irin tunaninka. Kada ka ɓata rai, ai yabo ne. Ba kowa ne ake kafa doka dominsa tun kafin a haife shi ba.

Kafa tantin ma sai da aka yi kallo. Turaku biyu sun ɓata tun a gwanjo, zif ɗin ƙofa ya tsaya a rabi, ka ce ai shi ya sa aka yi maka ragi. Muka ɗaure gefe guda da igiyar buhu, ɗaya gefen ka danne da tayar safaya. Wani yaro ma'aikaci ya zo ya ba mu shawara cikin ladabi: kada a bar abinci a cikin tanti, kada a ba biri komai, kada a yi nisa da sansani in duhu ya yi, kada a shiga daji sai da ɗan rakiya. Ka ce masa, "Yaro, ni Bakano ne, ko da me ka zo an fi ka." Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta da asuba.

Kafin magariba muka gangara maɓuɓɓugar Wikki. Na san har ranar kana zaton Wikki sunan ƙungiyar ƙwallon da ke zuwa filin wasan Sani Abacha ta kara da Pillars ne kawai. Ruwa ne garai-garai da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, kana tsaye kana hango farin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, ko hunturu ba ya sanyaya shi. Kowa ya yi shiru yana tasbihi ga Mai halitta. Kai kuma da ka ji an ce lita miliyan 21 ke kwarara daga nan zuwa kogin Gaji kowace rana, sai ga kalkuleta ta sake fitowa. Ledar fiya-wata miliyan 42, in ji ka, kullum tana tafiya a banza, ba mai karɓar ko sisi. Har ƙwalla na gani a idonka. Da aka zo shiga ruwan kuma, sai ka tsaya inda bai wuce gwiwa ba, da singileti da lalitar kuɗi ɗaure a ƙugu, ka rungume saiwar bishiya kana ce wa yara 'yan firamare su yi hankali akwai zurfi. Ban ga laifinka ba. Wanda babban koginsa Jakara ce, ina zai koyi iyo?

Yanzu mu zo kan daren, domin shi ne ka fi yi wa kwaskwarima.

Bayan isha ka ci gurasarka ka sha shayi, ka yi hamdala, ka ce dama abin ba wuya, birni ma ya fi nan haɗari. Ka yi gaskiya a nan, na ba ka maki. Sai sansani ya ɗauke ƙafa, fitilu suka ragu, daji ya buɗe nasa bakin. Mutumin birni yana zaton daji shiru gare shi da dare. Ina! Gyare na yi, kwaɗi na yi daga bakin rafi, mujiya ta amsa, wani abu ya taka busasshen ganye ya tsaya, ya sake takawa. Kai da ka saba barci cikin ƙarar janareto da hon ɗin 'yan adaidaita, sai kunnenka ya rasa abin kamawa, ya shiga ƙirƙiro maka dodanni.

"Malam, ka ji?"

Wannan ita ce kalmar da na kwana ina amsawa. Ka lura, da rana "Bazazzagi mai surutun tsiya" nake, da dare na koma Malam. Can da nisa kura ta yi kukanta mai ja, na ji ka matso da tabarma. Ta sake, ka matso. Kafin tsakar dare gwiwarka tana cikin haƙarƙarina. Ka karanta duk abin da ka haddace tun daga makarantar allo, Allah ya karɓa, har da addu'ar shiga kasuwa, da ta hawa abin hawa, da ta sa sabon kaya, don kada a bar wata ƙofa a buɗe.

Sai aka fara fizgar ciyawa dab da tantin. Fizga, tauna, huci. Wata inuwa ta gifta ta jikin yadin. A nan ne jikan Barbushe ya nuna asalinsa. Ku Kanawa ba ku gajiya da ba mu labarin kakanku na kan Dala, mafarauci ƙato da ke kashe giwa da sanda ya saɓo ta ya kawo gida. To jikansa ya cusa kai cikin buhun da muka zubo kaya, ya bar ƙafafu a waje, yana raɗa mini wasiyya. Ka ce in shaida ka yafe bashin da kake bin mutanen Gaya. Ka yafe na wani ɗan Maraɗi da ya karɓi shadda tun azumin bara. Ka ce ni ma kuɗin man motar da ka rubuta a kaina ka yafe duniya da lahira. Ka lalubi waya za ka kira Hajiya ku yi sallama, ba sabis. Na ɗaga gefen tanti na haska tocila. Gwambaza ce, Alhaji. Macen ma, ko ƙaho ba ta da shi. Ta ɗago kai ta dube mu, ta ci gaba da kiwonta. Wannan ita ce zakinka na farko. Sauran biyun ban san inda ka samo su ba, sai dai ko a cikin buhun.

Don ka ƙaru, ba don ka cancanta ba: rurin zaki ba a tambayar "ka ji?" a kansa. Yakan kai nisan kilomita 8, kuma a ƙirji ake jin sa kafin kunne. Dabbar da ke farauta ba ta zuwa tana tauna da ƙarfi. Giwa ma, duk girmanta, tafin ƙafarta kitse ne mai laushi, tana iya wucewa ta bayanka ba ka ji ba. Yawancin namun daji kuwa gudun ɗan Adam suke, don sun san halinsa fiye da yadda ya san nasu. Babban abin da ke jawo su wurin kwanan mutum shi ne ƙanshin abinci. Wa ya kwana da gurasa da ƙuli da kilishi a ƙarƙashin matashi, bayan an ce kada a yi? Ba zan kama suna ba, mutumin yana da iyali.

Asuba ta yi, muka yi salla, gari ya fara haske, sai jarumta ta dawo maka tare da lissafi. Ka gyara hula ka ce maganar da aka yi cikin dare ba ta shiga shari'a, mai firgita ba ya kyauta, bashi yana nan daram. Ina nan ina tunanin wanda zai rama wa mutanen Gaya, sai Allah ya kawo masu karɓar haraji.

Gwaggon biran Wikki ba baƙi ba ne, su ne masu unguwa. Da dare suna bisa itatuwa suna barci, gari na wayewa su sauko aiki. Sun san murfin mota, sun san tagar da ba a kulle ba, sun san baƙar leda ta fi fara albarka, kuma sun san baƙo daga tafiyarsa. Wani babban namiji ya zauna nesa kaɗan yana nazarinka. Ka ɗaga masa silifas. Ya yi hamma ya nuna maka fiƙoƙinsa, ka mayar da silifas ƙafa ka ce dama kakkaɓewa za ka yi. Wani ƙarami ya ɓullo ta gaba yana 'yan wasanni, ka tsaya kana dariya har da ɗaukar hoto, babban ya zaga ta zif ɗin nan da aka yi maka ragi saboda shi. Kafin ka juyo ya fito da jakarka, ya hau kan tayar safaya ya zauna, yana zaro kaya ɗaya bayan ɗaya yana dubawa kamar ɗan canji a Wapa. Gurasa, ya karɓa. Kilishi, ya karɓa. Man zafi, ya sansana ya jefar. Kalkuleta, ya juya ta, ya gatsa, ya ga ba ta da amfani a inda ake rayuwa ta gaskiya, ya wurgo maka abarka.

Ko da me ka zo an fi ka, ko ba haka ka ce wa yaron nan ba? Ashe kirarin yana da reshe a Yankari. Abin da ya fi ba ni dariya, tsayawa ka yi kana ciniki da shi: "Haba ɗan'uwa, ɗauki gurasar ka bar kilishin." Amma na fahimce ka. Garinku ne a 2019 aka wayi gari da jita-jitar gwaggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7, duniya ta kwashe da dariya. Wanda ya taso a inda ake zargin biri da cin tsabar kuɗi, dole ya gode wa Allah da na Bauchi ya tsaya a kan gurasa.

Ko mugun dawa bai bar ka ba. Yana durƙushe bisa gwiwoyin gaba yana kiwo, yadda suka saba, kai kuma ka ce gaishe ka yake, ya ga babban mutum. Ya ɗaga wutsiya tsaye ya zabura, don haka suke gudu, kuma gudun nasa ma daga gare ka yake yi. Kai ka yi gabas, shi ya yi yamma, kuma a gaskiya ka fi shi sauri. Na yaba. Da tumbin nan ban zaci haka ba.

Sai fita kallon dabbobi da sassafe a buɗaɗɗiyar mota. An ce a sa kaya marasa ɗaukar ido, masu launin ƙasa. Kai ka fito cikin babbar riga shuɗiya, rinin Ƙofar Mata, tana ƙyalli, ka ce ba za ka je gaban giwa a wulaƙance ba. To tsando ba abin da yake so irin shuɗi da baƙi, shi ya sa tarkon da masana ke kafa masa da ƙyallen waɗannan launuka ake yin sa. Muna shiga kurmin bakin Gaji suka yi maka caa, mu kuwa muka samu lafiya albarkacinka. Allah ya saka da alheri, ka yi mana garkuwa. Dama a rabon aikin Hausa Bakwai, Gobir aka ba yaƙi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano baba, Zazzau kuma bayi. Ka ga kowa ya tsaya a kan gadonsa: kai ka sa baba, ni kuma na zauna ina kallon bawana yana marin wuyansa.

Rani ne, ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye daga ko'ina sai Gaji, don haka duk mai rai nan yake gangarowa. Shi ya sa masu hankali ke zuwa tsakanin ƙarshen Disamba da Afrilu. Muka ga garken ɓauna da carki a bayansu, muka ga gwanki da kanki, mazo ya gifta ya shige duhuwa, kada yana shanya baki a kan yashi, dorina ta fito da hanci da kunnuwa ta koma. Burtu yana takawa da ƙasaita, ka ce shi kaɗai ne ka ga alamar yana da jari. Tsuntsayen gandun nan sun haura iri 350, kai kuwa zabi kaɗai ka gane, su ma don ka san farashinsu.

Sai direba ya kashe mota, ɗan rakiya ya ɗaga hannu. Giwaye ne ke ƙetare hanya, tsohuwar uwa a gaba, don ita ke jan garke, 'yan ƙanana a tsakiya ana kāre su ta kowane gefe. Wata 22 uwa ke ɗauke da cikin kowane ɗaya daga cikinsu. Garken Yankari yana cikin manyan da suka rage a ƙasar nan, kuma da kyar aka tsirar da shi daga masu farautar haure. A nan zan faɗi alherinka, ko da Zagezagi za su ci ni tara. Ka cire hula, ka yi shiru, ka ce "Tsarki ya tabbata ga Allah," kuma tun da na san ka wannan ne karon farko da ka ga abu mai girma ba ka tambayi kuɗinsa ba. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce ashe akwai mutum a cikin rigar.

Bai daɗe ba. Suna wucewa ka hango abin da suka bari a kan hanya yana tururi, ka tuna masu maganin gargajiya na Kasuwar Kurmi suna sayen kashin giwa, ka fara laluben leda. Sai da ɗan rakiya ya tuna maka ba a fita da ko tsinke daga gandu. A ɗakin adana kayan tarihi na sansani kuma, inda aka jera fatu da ƙasusuwa da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta, ka tsaya gaban haure kana auna shi da ido. Tun 1989 duniya ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, Alhaji, ka sauke idon. Da aka kai mu Kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, cewa ka yi da a Kwari suke da tuni an sa musu ƙofar ƙarfe an ba da haya.

Ga hukuncina. Daji wuri ne da ba a taya komai, ba a ragi, ba a bashi, kuma ba ya tambayar ko kai ɗan wane ne a Fagge. Masu gida suna nan tun kafin a gina ganuwar Kano, kai baƙo ne na kwana ɗaya, ladabin baƙo kuwa shi ne ya ji maganar ɗan rakiya, ya rufe abincinsa, ya rage murya, ya bar wuri yadda ya same shi. Ka faɗi a uku, ka ci ɗaya da taimakon jami'i. A makarantun Zariya wannan sakamakon maimaita aji ne.

Saboda haka ka shirya. Rani mai zuwa, in Allah ya kai mu, Gashaka-Gumti za mu, can Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan, kuma mota ba ta hawa, ƙafa ce da sanda da kwanan tanti a kan hanya. Zan kawo tanti mai zif. Kai ka kawo kuɗin mota da na abinci, da kuɗin sharar da kake ta noƙewa, da takarda da biro, don wannan karon duk bashin da ka yafe cikin dare sai ka sa hannu.

Na san za ka mayar da martani, ka ce Bazazzagi ba shi da sana'a sai baki. Bismillah, fili naka ne, amma ka sayi takarda sabuwa, na gaji da karanta wasiƙa a bayan rasit. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ta yi haƙuri, mun san abin da take fama da shi.

Ubangidanka har kullum,
Bazazzagi.